Tambaya da Amsa: Yankan Sitensil da Hannu Don Buga Riga a Gida

Tambaya: Na yanka sitensil a takarda don in buga suna a tishat, amma cikin haruffan O da A da D duk ya zube, suka fito kamar an ɗiga musu tawada. Ina na kuskure?

Amsa: Malam, gada ce ba ka bari ba. Cikin harafin O tsibiri ne, da zarar ka zagaye shi da wuƙa babu abin da ke riƙe da shi. Tun a wajen zane za ka bar siraran gadoji biyu, sama da ƙasa, masu faɗin milimita 2 zuwa 3, su haɗa tsibirin da sauran takardar. Idan gadar ta fi haka sirantaka, tawada za ta jiƙa ta ta tsinke. Ka fara yanka ƙananan wurare na tsakiya kafin manya, domin kowane yanka yana rage wa takardar ƙarfi. A wurin lanƙwasa kuwa, takardar za ka juya, hannunka yana nan yadda yake. Kuma kada ka ji tausayin reza. Da ta fara jan takarda maimakon ta ratsa, ka sauya ta.

Idan ba ka son layin gada ya fito a rubutun, ka yanka a sitika ta leda mai gam a baya. Ita tana manne wa raga, wato yadin nan mai ƙananan idanu da ake ɗamewa a firam ana tura tawada ta cikinsa zuwa riga, kowane tsibiri ya zauna inda aka sa shi. Sai dai akwai tarko a nan. A ƙasan raga ake manna ta, ɓangaren da ke taɓa riga, don haka dole ka zana rubutun a juye kamar yadda yake fitowa a madubi. Takarda ba ta buƙatar haka: ka shimfiɗa ta a kan rigar yadda ake karantawa, ka ɗora firam, jan farko tawada za ta liƙe ta da ragar.

Tambaya: Bakin zanena yana fitowa da tsiyaya, tawadar tana shiga ƙarƙashin sitensil. Ko in ƙara dannawa ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ƙara dannawar ma yana cikin abin da ke ɓata miki aiki. Ki fara duba ragar. Ta tishat ita ce mai lamba 43T, wato zare 43 a kowace santimita, wadda wasu ke kira 110. Idan ta fi haka buɗewa, tawada za ta yi yawa. Idan kuma ta saki, ba a ɗame take kamar fatar ganga ba, za ta riƙa motsi ƙarƙashin robar jan tawada ta goga zanen.

Sai riƙon robar jan tawada. Ki karkata ta kamar digiri 45, ki ja sau ɗaya da farko a hankali don ragar ta cika, sannan ki ja na biyu da ƙarfi daidai, daga sama har ƙasa ba tsayawa. In kin kwantar da robar sosai, tura tawadar take yi ƙarƙashin sitensil maimakon ta share ta. Ja huɗu, biyar, wai don ya fito da kyau, shi ke kawo tsiyayar nan. Ki zura kwali cikin rigar don kada tawada ta ratsa baya, ki miƙar da ita babu tattara, sannan ki manna kwabbai a kusurwoyin firam ta ƙasa don ragar ta ɗaga kamar milimita 2. Ta haka ragar ba ta taɓa riga sai daidai inda roba ke bi, tana wucewa ta tashi. Gefunan da sitensil bai rufe ba, salatif mai faɗi ya ishe su.

Takarda dai ba ta dogon zango. Tawada mai narkewa a ruwa tana jiƙa ta, bayan 'yan riguna ta fara tattarewa. Mai riga da yawa ya nemi sitika.

Tambaya: Wanki biyu kacal zanen ya koɗe. Tawadar ce jabu?

Amsa: Da wuya, Malam. Galibi gasa zanen da zafi ne bai kai ba. Ka tabbatar tawadar yadi ce, ka wanke sabuwar riga kafin bugu don sitacin kamfani ya fita, ka bar zanen ya kwana ya bushe. Sannan ka ɗora ƙyallen auduga a kai, ka goge da dutsen guga da aka saita a zafin gugar auduga minti 3 zuwa 5, kana motsa shi, ba tururi. Idan tawadar irin ta filastisol ce, wato mai kauri da aka haɗa da filastik, ita ba ta bushewa a iska ko ta shekara, sai ta kai zafin wajen digiri 160 har cikinta, abin da dutsen guga ba ya bayarwa daidai. Ga mai aiki a gida, mai narkewa a ruwa ta fi sauƙi, da sharaɗin ka wanke ragar da ruwan sanyi da zarar ka gama, tun kafin ta bushe ta toshe idanun ragar.