Me ya sa tagar zaɓen fayil take daskarewa?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu da cike fom a intanet. Kwamfutata mai Windows 10 ce, kuma tana aiki lafiya a komai, sai dai duk lokacin da na danna wurin ɗora hoto ko takarda, tagar nan da ake zaɓen fayil a cikinta sai ta yi fari fat, ta tsaya cak kusan rabin minti, ga mutane a tsaye suna jira. In ta buɗe ma sai na sha wahalar neman fayil ɗin. Mai gyara ya ce in ƙara RAM ko a goge kwamfutar a sake zuba mata Windows. In bi shawararsa?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da kashe kuɗin nan tukuna. Kwamfutar da RAM, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita a take, ya yi wa kaɗan tana nauyi ne a ko'ina, ba a taga ɗaya ba. Taka kuwa a wuri guda take tsayawa, wato wani abu take jira ya amsa mata. Aikinmu shi ne mu gano ko mene ne.

Tagar nan ba ta burauzarka ba ce. Ta Windows ce, manhajoji aro suke yi, kuma siffar da ka sani a yau ta zo ne tare da Windows Vista. A cikinta akwai kusan duk kayan aikin File Explorer, manhajar da kake duba foldoji da fayiloli da ita. Saboda haka kafin ta nuna maka komai, sai ta jero faifan ajiya da filashin da ke jone, ta duba wuraren da ka ziyarta kwanan nan, ta karanta foldar da za ta buɗe, ta zana wa kowane hoto da bidiyo ƙaramin samfurinsa. Bayan haka ga manhajojin da suka maƙala kansu a jikin Explorer, irin na ajiyar gajimare (ajiye fayil a intanet) da na matse fayil da na riga-kafin cutar kwamfuta, kowacce tana son a ba ta dama ta leƙa. Kamar yaron da ka aika sayen abu ɗaya ne, amma kowa a unguwa ya tare shi da nasa saƙon. Mutum ɗaya ya riƙe shi, kai ma ka zauna jira.

Wanda ya fi yawan riƙe shi, a shaguna irin naka, shi ne wurin ajiyar da babu shi a yanzu. In an taɓa haɗa kwamfutarka da foldar wata kwamfuta a shagon, aka ba ta harafi kamar Z, to duk ranar da waccan kwamfutar take a kashe, Windows zai yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har wa'adin jiransa ya ƙare. Wannan farin da kake gani, sau da yawa shi ne. Buɗe This PC ka duba. In ka ga faifai mai jan alamar kuros, danna shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Disconnect. Haka ma jerin Quick access da ke gefen hagu: yana iya riƙe da sunan fayil ɗin da yake kan filashin wani kwastoma da ya tafi tun makon jiya. Shiga Options na Explorer, a ƙarƙashin Privacy ka danna Clear, ka cire alamar nuna fayilolin kwanan nan in ba ka buƙatarsu. Faifan waje da ya yi barci shi ma yana sa jiran 'yan daƙiƙoƙi kafin ya farka ya fara juyawa, don haka ka zare shi ka gwada.

In ba wannan ba ne, to ina zargin foldar Downloads ɗinka, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Mai shago irinka yakan tara dubban hotunan fasfo da takardun da aka yi wa sikanin a wuri ɗaya. Windows yana leƙa abin da ke cikin folda ya yanke wa kansa hukuncin ko ta hotuna ce ko ta bidiyo, sannan ya shiga buɗe fayiloli ɗaya bayan ɗaya don ya ciro bayanansu. Akwai wani tarko da mutane da yawa ba su sani ba: ginshiƙin da ake kira Date daban yake da Date modified. Na farkon yakan sa a shiga cikin kowane hoto a karanto ranar da aka ɗauke shi, na biyun kuwa yana rubuce a waje, karanta shi ba ya cin lokaci. A kan tsohon faifai mai juyawa, bambancin yana da girma ƙwarai. Gyaran: danna foldar da maɓallin dama, ka shiga Properties, sai Customize, ka mayar da ita General items. Sannan ka jera fayiloli da Date modified. In kana iya haƙura da ƙananan hotunan samfuri, a shafin View na Options akwai zaɓin "Always show icons, never thumbnails". In kuwa aikinka ba ya yiwuwa sai da su, ka bar su, amma ka share ma'ajiyarsu ta Disk Cleanup, domin takan lalace. Fayil ɗin bidiyo guda da bai gama sauka ba yana iya tsayar da tagar gaba ɗaya.

Ka duba OneDrive kuma, wato ma'ajiyar gajimare ta Microsoft. Tun 2017 yana iya nuna sunan fayil alhali ainihinsa yana intanet, da alamar gajimare a gefensa. Da ka zaɓe shi sai an sauko da shi tukuna, kuma da datarka. Idan duk wannan bai yi ba, ƙaramar manhaja kyauta mai suna ShellExView tana jero duk abin da ya maƙale a Explorer. Ka kashe waɗanda ba na Microsoft ba, ka riƙa kunna su ɗaya-ɗaya har mai laifin ya bayyana.

Batun wahalar nemo fayil kuwa, ba laifinka ba ne, kuma abin yana damuna. Mutum yana kallon fayil ɗinsa a buɗe a wata taga, amma tagar zaɓe ta kai shi wata folda can daban, ta ce ya fara nema daga farko. Wannan gazawar masu tsarawa ce, ba kuma a Windows kaɗai ba. Masu amfani da GNOME, wata fuskar kwamfuta a tsarin Linux, sun roƙi a sa musu ƙananan hotuna a jere cikin tagar zaɓe tun 2004, ba su samu ba sai a GNOME 44 a 2023. Duk tsawon shekarun nan, mai neman hoto ɗaya cikin ɗari sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hanya mafi sauri ita ce ka daina yawo a cikin tagar. A yawancin shafuka za ka iya jawo fayil daga Explorer da linzami ka sake shi a kan maɓallin ɗorawa, tagar ba za ta ma buɗe ba. Inda hakan bai yi ba, riƙe Shift ka danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka zaɓi Copy as path, ka liƙa a akwatin File name, ka buga Enter. A akwatin nan kuma, in ka rubuta *.pdf ka buga Enter, takardun PDF kaɗai za su rage a gabanka. Mai Mac yana da irin wannan: ya jawo fayil daga Finder ya sake shi cikin tagar, za ta tsallaka zuwa inda yake.

Ga shagonka, ka buɗe folda ɗaya ta aikin yau, ka maƙala ta a Quick access, duk abin da aka yi wa sikanin ya faɗa can, da yamma ka kwashe zuwa foldar wata. In bayan duk wannan kana da kuɗin da za ka sa wa kwamfutar, kuma faifanta mai juyawa ne, SSD, wato faifan da ba ya juyawa, za ka saya kafin RAM, don karanta dubban ƙananan fayiloli shi ne ainihin inda ya fi tsohon faifai nesa ba kusa ba.