Tambaya da Amsa: Abincin 'Yan Tsaki a Makonnin Farko

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi 'yan tsakin gidan gona guda 25, irin masu yin ƙwai, ina ba su dusa da ragowar tuwo safe da yamma kamar yadda nake ba kajin Hausa. Yau kwanansu 12, biyar sun mutu, sauran kuma ba sa girma. Shin abincin ne ya yi musu kaɗan, kuma nawa ya kamata su ci a rana? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya mayar da alheri. A ganina irin abincin ne ya cuce su tun kafin a zo maganar yawansa. Ɗan tsakon kazar Hausa yana bin uwarsa tana yi masa tono, yana samun gara da tsutsa da ƙananan ƙwari da ɗanyen ganye, saboda haka dusar da kike watsa masa ƙari ce kawai a kan abin da ya tsinto. Wanda aka ƙyanƙyashe a inji kuwa, aka kulle shi a kwali ko akurki, ba shi da komai sai abin da hannunki ya ba shi. Dusa ɓawon hatsi ce, tana cika ciki amma hanjin ɗan tsako bai yi ƙwarin da zai tatsi amfani mai yawa daga cikinta ba, tuwo kuma saurin tsami gare shi, yana iya jawo musu zawo.

Abin da suke bukata shi ne abincin buhu na 'yan tsaki, wanda masu shago ke kira sitata, mai sinadarin gina jiki kashi 18 zuwa 20 cikin 100, kuma shi za su ci har su cika mako 8. Ina roƙonki kada ki yarda a sayar miki da na kaji masu ƙwai don ya fi araha ko don shi ne ya rage a shago, domin an cika masa sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai, wanda yawansa ke lalata ƙodar ɗan tsako.

Game da yawan ci, irin naki kowanne yakan ci wajen giram 10 a rana a makon farko, ya kai kusan 30 a mako na huɗu, sannan wajen 50 a mako na takwas. Ke nan guda 20 ɗin da suka rage miki za su riƙa cin kusan kilo ɗaya kullum idan sun doshi wata biyu, kuma jimillar abin da kowanne zai ci a wannan tsakani kilo ɗaya da rabi ne zuwa 2. Buhu biyu masu kilo 25 za su kai ki. Wannan lissafi domin aljihunki ne, ki san abin da za ki tanada, amma ba a auna wa ɗan tsako abinci a ɗauke. Cikinsa ƙarami ne, ci yake yi kaɗan-kaɗan yini guda, don haka kada mazubinsu ya zauna babu komai. Ki riƙa zuba rabin mazubi sau uku ko huɗu a rana, saboda idan aka cika shi fal sai su tone su zubar, su kuma yi kashi a ciki. Da dare ki kama biyu ko uku ki taɓa gindin wuyansu, inda abinci ke taruwa: idan kin ji shi a cike da laushi sun ci sun sha, idan ya yi tauri ruwa ne bai ishe su ba, idan kuwa babu komai to akwai matsala.

Ruwa sukan sha kusan ninki biyu na abin da suka ci, fiye da haka ma a lokacin bazara. Ki sa shi a faranti marar zurfi, ki jera 'yan duwatsu a ciki don kada su faɗa su jiƙe, ki kuma sauya shi safe da yamma. Ki duba ɗuminsu ma, domin tsakon da ke jin sanyi ba ya zuwa wajen abinci, sai dai ya cusa kai cikin 'yan'uwansa har su danne juna. A makon farko suna son zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35, ana ragewa da kamar digiri 3 duk mako. Idan kaskon gawayi kike sa musu, ki bar kafar da iska za ta shiga.

Idan kuɗin buhu ya gagara, ɓarzajjiyar masara da soyayyen waken suya da aka niƙa, da ɗan garin busasshen kifi, sun fi dusa nesa ba kusa ba, muddin babu wanda ya yi fumfuna a cikinsu. Tun da kuma biyar sun riga sun mutu, ki kai ɗaya daga cikin masu rauni wurin likitan dabbobi ya duba, ki tambaye shi ranar da ta dace a ɗiga musu rigakafin cutar kaji ta Gumboro da kuma Lasota, wato rigakafin cutar kaji ta Newcastle.