Embody, personify, incarnate da 'yan uwansu: wacce ake sawa a ina?

Tambaya: Malam, ina aji uku a jami'a, sashen Turanci. A wani aiki na rubuta "The constitution personifies our values", sai malaminmu ya ja jan biro a ƙarƙashin personifies, ya rubuta embodies a samanta. Na duba ƙamus, na ga ma'anarsu kusan ɗaya ce, har da incarnate da materialize da reify. Ina bambancin yake?

Amsa: Malaminki bai zalunce ki ba, 'yar uwa. Ƙamus yana jera kalmomin nan wuri ɗaya ne saboda duk suna magana a kan abin da ido ba ya gani, kamar adalci ko haƙuri ko mugunta, ya samu siffar da za a nuna da yatsa. Sai dai kowacce da irin jikin da take bayarwa. Don haka kafin ki zaɓa, ki tambayi kanki: abin nan me ya zama? Mutum ne, ko takarda da gini, ko kuwa faruwa kawai ya yi?

Embody ce mafi faɗi, kuma ita ce mafakar wanda ya rasa ta cewa. Asalinta body ne, wato jiki, aka ɗora masa em a gaba. Mutum yana iya embody, haka doka, gini, tuta, har tsarin makaranta. Shi ya sa ta dace da tsarin mulki: kundi ne da ya tattara aƙidun al'umma ya ba su mazauni. Ba ta ɗaukar of a bayanta in tana aikatau, don haka "embodies of" kuskure ne. Sai an mai da ita suna ake cewa "the embodiment of". In an juya jimlar kuma, kalmar "in" ta Turanci ce take bin ta: "Our values are embodied in the constitution".

Personify kuwa dole a samu mutum a cikin maganar. Ta samo asali daga persona ta Latin, wato abin rufe fuskar da ɗan wasan kwaikwayo yake sawa. Aikinta biyu ne. Na farko shi ne abin da masu nazarin adabin Hausa suke kira mutuntarwa, a ba abin da ba mutum ba hali ko aikin mutum, kamar a ce talauci ya ƙwanƙwasa ƙofa ko mutuwa ta yi sallama. Mutum-mutumin macen nan da ake gani a kotuna, ma'auni a hannu ɗaya, takobi a ɗayan, ido a ɗaure, shi ma mutuntar da adalci ne. A wannan amfanin marubuci ko mai zane shi ne mai aikatawa: "The poet personifies death as a guest". Na biyu shi ne a ce wani mutum ya cika da wani hali har ya zama halin da kansa: "She is patience personified", wato ita ce haƙuri tsagwaronsa. Jimlarki ba ta shiga ko ɗaya ba, domin tsarin mulki ba mawaƙi ba ne, ba kuma mutum ba.

Incarnate tana da nauyi, kada a ɗauke ta da wasa. Tushenta kalmar Latin ce ta tsokar nama, wadda ta haifi carnivore, dabba mai cin nama. Incarnation da babban baƙi sunan aƙidar Kiristoci ce cewa Kalmar Allah ta zama mutum a jikin Yesu Almasihu, reincarnation kuma ita ce sake dawowar rai a wani jiki, kamar yadda mabiya addinin Hindu suka yi imani. Masu fassara littattafan tauhidi su lura a nan: tajsimi, wato jingina wa Allah jiki, anthropomorphism ake yawan ce masa, hululi, wato a ce Allah ya shiga jikin wata halitta, shi ne ya fi kusa da incarnation. A maganar yau da kullum tana zuwa ne bayan suna, kuma galibi don kambama mugunta: "the devil incarnate", Shaiɗan a siffar mutum. In siffa ce ana karanta ƙarshenta a gajarce, in-KA-nat, in aikatau ce a ja shi, neit.

Materialize galibi ba ruwanta da jiki, maganar aukuwa take yi. Abin da ake jira ne ya tabbata, ko ya ƙi tabbata, kuma an fi jin ta a kore: "The promised funds never materialized", kuɗin da aka yi alkawari shiru kake ji. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a ba ta karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, a rubuta "We will materialize the project". Bature zai ce implement ko carry out. Rubuta ta da z ko da s duk daidai ne, illa kada a gauraya su a takarda ɗaya.

Reify ita ce ɗalibai suke so don tana da ƙamshin ilimi, ita ce kuma take kayar da su. Daga res take, wato abu a Latin, kuma ta yi ƙarfi a ilimin zamantakewa bayan rubutun Georg Lukács, ɗan ƙasar Hangari, na 1923. Kusan kullum zargi ce. Ana nufin ka ɗauki abin da mutane suka ƙirƙira a tunani ko a mu'amala, ka riƙa yi masa magana kamar dutse ne da aka tarar a ƙasa. Wanda ya ce kasuwa ce ta yanke farashi, ya manta da dillalai da masu ɓoye hatsi da suka yanke shi, to ya yi reify ɗin kasuwa. In kika sa ta a wurin yabo, kin zagi abin da kike son ɗaukakawa. Objectify ma haka take, mai da ɗan Adam kamar kaya, musamman mace.

Akwai biyu da suke shigowa layin nan ba da gayyata ba. Substantiate kawo hujja ce, kamar yadda lauya yake tabbatar da zargi da shaida. Epitomize kuma zama cikakken misali ce, kuma sunanta epitome gaɓa huɗu ne, i-PI-to-mi, ba a haɗiye wasalin ƙarshe.

In har kina son personify ta zauna tare da tsarin mulki, sai ki kawo wanda zai mutuntar da shi: "The cartoonist personifies the constitution as an old man in chains". In ba haka ba, ki bar embodies inda malam ya sa ta.