Magayi, jari, da Sarauniyar da aka cika wa haruffa

Tambayoyin wannan mako duk a kan littattafai suka taru, sai ka ce an haɗa baki.

Wata ɗaliba a nan Tawa ta rubuto: "Malam, mene ne magayi a cikin jiki magayi? Ƙawata ta ce daga gayu ne."

Ɗiyata, ki ce wa ƙawar taki ta bar wa masu gayu gayunsu. Magayi daga gaya yake, yadda maɗinki ya fito daga ɗinka, maƙeri daga ƙera. Ana faɗa wa wanda aka yi wa kashedi ya toshe kunne: tunda bai ji daga bakin mutane ba, jikinsa zai gaya masa. Shi ne sunan littafin John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka fito daga Zariya bayan gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933. Duba ma ɗan'uwansa Idon Matambayi, ginin ɗaya ne.

Wani ɗan kasuwa daga Konni: "Me ya haɗa magana da jari?"

Alhaji, kai ne za ka koya mini jari? Abin da ake juyawa ya haifi riba. Akun da ke cikin Magana Jari Ce, littafin Abubakar Imam, ba shi da ko anini, da baki kaɗai ya tsare ɗan sarki, har ya kai waziri.

Ni ba a lakwal na gamu da shi ba, can Faransanci ne safe da yamma. Kawuna ne ya zo da shi daga Sakkwato cikin kayan fatauci, bangon ya cire, an ɗinke shi da zare. Bayan isha ake kunna fitilar ƙwai in karanta wa mutanen gida. Kakata takan tsayar da ni ta ce: "Ba haka ake hwaɗi ba." Ita Hausar Adar ta sani, littafi kuwa ya ce tafi inda muke cewa tahi, biyar inda muke cewa biyat. Na daɗe ina zaton mu ne muka karkace. Sai da na girma na gane kowace Hausa da ƙafarta take tafiya, ta boko dai an zaɓe ta ne don ɗab'i.

Wani malamin makaranta daga Yamai: "Sarraounia ko Sarauniya?"

Ka taɓo mini inda yake ƙaiƙayi. Sarauniya ce, ba ƙari ba ragi. Abdoulaye Mamani da Faransanci ya rubuta littafinsa a 1980, kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, don haka ya bi ƙa'idar masu harshen, inda sai an haɗa o da u kafin a sami u. Shi yana da uzuri. Wanda ba shi da uzuri shi ne yaron da ke aiko mini saƙo a WhatsApp da "ina kouana" da "na tchi touwo". Sai na karanta da ƙarfi kafin in gane abinci ake nufi. Su kuma na can ƙetaren iyaka masu zuba labaran soyayya a waya, ba su da ou, amma sun yar da lanƙwasa: ƙafa ta koma kafa, ɓata ta zama bata. Ina karanta su, kar a ce ƙyashi ne. Wasunsu sun iya zancen kishiya da uwar miji fiye da marubutan da, waɗanda mata ba su cika buɗe baki a littattafansu ba. Sai dai in ka ga "ya bata kudi", ka rasa kyauta aka yi ko ɓarna.

Wata uwargida daga Madawa: "Kwikwiyo ko kuikuyo, a cikin alhaki kwikwiyo ne?"

Duka biyun, Hajiya. Ɗan kare ne dai, kuma mai shi yake bi.