Na Raba Fayilolina Folda-Folda, Makefile Ya Daina Ganinsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta wata 'yar manhaja da C. Lokacin da duk fayilolina suke cikin `src`, make yana aiki lafiya lau. Da suka yi yawa sai na raba su zuwa `src/lissafi` da `src/ajiya`, na bar `main.c` a waje. Tun daga nan ba abin da nake gani sai `undefined reference`, alhali ban taɓa shirin ba. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, shirinka lafiyarsa ƙalau, kuma rabawar da ka yi daidai ce. Duba Makefile ɗinka, wato fayil ɗin da ke gaya wa make yadda zai harhaɗa shirin, mai yiwuwa za ka tarar da `$(wildcard src/*.c)`. Wannan tauraron (`*`) bakin ƙofa yake tsayawa, ba ya shiga cikin ɗakuna. Ke nan `main.c` kaɗai aka harhaɗa, da aka zo haɗe komai wuri guda aka nemi ayyukan da yake kira aka rasa.

Ga gyaran, a GNU Make:

```
SRCS := $(shell find src -name '*.c')
OBJS := $(patsubst src/%.c,build/%.o,$(SRCS))

shiri: $(OBJS)
	gcc $^ -o $@

build/%.o: src/%.c
	mkdir -p $(@D)
	gcc -Isrc -MMD -MP -c $< -o $@

-include $(OBJS:.o=.d)
```

Umarnin `find` shi ke bi folda bayan folda ya zaƙulo kowane fayil. Amma inda nake so ka tsaya ka fahimta shi ne alamar `%`. Idan make yana neman `build/lissafi/jimla.o`, alamar za ta ɗauke `lissafi/jimla` gaba ɗaya, har da sunan foldar, sai ya tafi kai tsaye zuwa `src/lissafi/jimla.c`. Wato tsarin `build` ya zama daidai da na `src`, doka ɗaya ta wadatar da folda ko nawa ne. Shi kuwa `mkdir -p $(@D)` dole ne, domin gcc, mai harhaɗa shirin C, ba ya ƙirƙirar folda da kansa. In babu ita, tsayawa zai yi.

Wasu za su ce ka sa `VPATH`, wato jerin foldojin da make zai nemi fayiloli a ciki, ka zuba duk fayilolin `.o` da gcc ya harhaɗa wuri ɗaya. Ban ba ka wannan shawarar ba. Ranar da ka samu `util.c` a `lissafi`, wani `util.c` kuma a `ajiya`, suna ɗaya za su yi ta gardama a kai, make ya ɗauki wanda ya fara gani ya bar ɗayan.

Kula da layukan da suka shiga ciki: da maɓallin Tab ake fara su, ba tazara ba. Haka make ya taso tun da Stuart Feldman ya rubuta shi a Bell Labs a 1976. In ka ga `missing separator`, nan za ka fara dubawa.

Saura `-MMD -MP` da layin ƙarshe, kada ka cire su. Su ke sa gcc ya rubuta wane fayil ne ya dogara da wane `.h`, ta yadda in ka canza `jimla.h`, duk masu amfani da shi za a sake harhaɗa su. Kafin ka gudanar, buga `make -n` tukuna; zai jero maka umarnin da zai bi ba tare da ya aiwatar ba, ka ga ko fayilolin foldojin biyu sun fito.