Amsa ga 'yar ƙanwata kan Misa da Latinanci

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce tun da kika fara bin mijinki zuwa Misa ta Latinanci a cocin Katolika kin koma kamar baƙuwa a gidan ubanki. Fada ya ba ku baya, ba kya jin abin da yake faɗa, har kina tambaya ko addu'ar da mutum bai fahimta ba tana karɓuwa.

Tana karɓuwa. Ki kwantar da hankalinki a kan wannan tukuna.

Ni a cikin wannan Misa na tashi. Ina yaro mai hidimar bagadi na haddace amsoshin tun ban san ma'anarsu ba. Fada ya ce "Dominus vobiscum", Ubangiji yana tare da ku, mu ce "Et cum spiritu tuo", kuma tare da ruhunka. Tsarin ya fito ne daga littafin da Paparoma Pius na Biyar ya kafa a 1570, bayan babban taron bishof da ake kira Majalisar Trent, kuma bugun 1962 ne ake bi a irin cocin da kike zuwa. Majalisar Batikan ta Biyu, a takardarta ta Disamba 1963, ta buɗe wa harsunan jama'a ƙofa, amma ta ce a riƙe Latinanci, kada a yar. Ranar da na fara jin addu'ar keɓe gurasa da harshen da na sha a nono, sai da hawaye ya zo mini. Don haka ba zan yarda wani ya ce miki Misar da kika girma da ita ragaggiya ce ba. Ai Kiristocin Roma na farko da Girkanci suke sujada, sai wajen ƙarni na huɗu suka koma Latinanci saboda shi talaka yake ji. "Kyrie eleison", Ubangiji ka yi jinƙai, da kike rerawa ma Girkanci ne.

A ganina shirun ne ya fi damunki. A tsohon tsari Fada yana karanta babbar addu'ar Yukaristi, wato ta keɓe gurasa, a hankali, yadda ko wanda ya iya Latinanci ba zai ji ba daga kujera. Kin saba kunne ne yake jagora, a nan kuwa ido ne. Ki dubi lokacin da ya sunkuya, da lokacin da ya buɗe hannu. Idan ƙararrawa ta kaɗa ya ɗaga gurasa sama da kansa, kin san inda ake, ba sai an gaya miki ba. Bayan da kike cewa ya ba ku kuma, ku da shi gaba ɗaya gicciye kuke fuskanta, shi yana gaba kamar mai jan ayari.

Kada ki yi tsere da littafi. Sababbi suna ta juya shafi don su kama kowace kalma, su fita a gajiye ba su yi addu'a ba. Ki karanta darussan ranar a gida da daddare. A coci ki riƙe addu'o'in da ba sa canzawa: Kyrie, Gloria, Credo, Sanctus, Agnus Dei. Kin riga kin san ma'anarsu, sauti kawai ya bambanta. In kin ɓace, ki rufe littafin ki yi shiru, za ki sake gane hanya.

Abu ɗaya nake roƙonki. Paparoma Benedict na Goma Sha Shida ya sassauta izinin wannan Misa a 2007, Paparoma Francis ya taƙaita shi a 2021 ya mai da hukunci hannun bishof, kuma tun daga nan bakin mutane ya yi zafi. Za ki ji masu raina sabon tsari a bakin coci. Kada ki zauna a wannan hira, mahaifiyarki a sabon tsarin take karɓar Ubangiji kowace Lahadi.

Wajen karɓa kuma, za ki durƙusa ki karɓa a harshe, kuma ba kya cewa "Amin", Fada ne yake faɗa a madadinki. Ki gaida mini maigidan naki, ki rubuto mini bayan Lahadi huɗu in ji yadda ake ciki.

Kawunki