Hukuncin zuwa zaman masu neman barin giya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, na daɗe ina shan giya a ɓoye. Na tuba ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma da zarar damuwa ta taso sai in koma. Likita ya ce in nemi zaman da masu irin matsalata suke yi don ƙarfafa wa juna gwiwa. Sai dai an ce a can kowa yakan faɗi laifinsa a gaban jama'a, kuma yawancin masu zuwa ba Musulmi ba ne. Ya halatta in je?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka. Zuwa wannan zama halal ne. Idan ma ta tabbata ba ka iya bari kai kaɗai, to neman taimako ya zama wajibi a kanka, domin barin giya wajibi ne da nassin aya ta 90 a Suratul Ma'ida, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Batun tona asiri shi ne ya fi buƙatar bayani. Hadisin da ya hana mutum tona asirin kansa ingantacce ne, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk al'ummar Annabi (SAW) ana yafe mata ban da masu bayyana saɓo. Amma dubi mutumin da hadisin ya siffanta: ya aikata da dare, Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya ce wa wane, jiya na yi kaza da kaza. Wannan mai alfahari ne ko mai rainin zunubi. Wanda ya zauna hannunsa na rawa, ya ce shekaranjiya na sake faɗawa, ku taimake ni, hukuncinsa hukuncin mai gaya wa likita ciwonsa ne. Sahabbai da kansu sun zo wurin Annabi suna faɗin abin da suka aikata don neman mafita, bai kore su ba. Ka dai tsaya iya buƙata. Kada ka ambaci sunan waɗanda kuka sha tare, kada ka riƙa kwatanta daɗin abin, kuma duk abin da ka ji a ɗakin amana ce. A irin wannan zama ba a tilasta wa kowa magana, kana iya zama ka saurara kawai.

Kasancewarsu ba Musulmi ba bai hana komai ba, ana karɓar magani daga hannun kowa. Inda za ka kula shi ne aƙida. Mafi shahara a cikin waɗannan ƙungiyoyi, Alcoholics Anonymous, an kafa ta a 1935 a Amurka, tsarinta matakai 12 ne, kuma suna maganar miƙa wuya ga wani iko da ya fi na mutum, kowa yadda ya fahimce shi. Kai ba ka da wani abin miƙa wa wuya sai Allah. A wasu wurare sukan rufe zama da addu'ar Kiristoci, to sai ka yi shiru, ba mai tilasta maka. Matakin da ake faɗa wa wani mutum laifuffuka kuwa, ka ɗauke shi neman shawara, gafara ta Allah ce shi kaɗai. Akwai SMART Recovery da ba ta sa addini a tsarinta, akwai kuma Millati Islami da Musulmin Amurka suka gina a kan Alƙur'ani da Sunna. Idan za ka zaɓi wanda zai riƙa bibiyar lamarinka a cikin masu zaman, ya zama namiji ɗan'uwanka.

Wajen nema, fara da likitan nan naka ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti. Idan babu zama kusa da kai, ana yi ta intanet, har kana iya rufe kyamara. In zaman farko bai kwanta maka ba, gwada wani. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, shi ya sa, kamar yadda ya zo a hadisi, wani malami ya umarci mutumin da ya kashe rai ɗari ya bar garinsa ya koma cikin mutanen kirki.

Abu ɗaya nake roƙonka da Allah: idan jikinka ya saba da sha kullum, kada ka yanke rana ɗaya ba tare da likita ba. Makyarkyata, jijjiga da gane-gane sukan taso tun daga 'yan sa'o'i zuwa 'yan kwanaki bayan dainawa, kuma suna iya kisa. Zama ba ya maye gurbin asibiti.

In kuma ka sake zamewa, ka tuba ka koma zaman. An sha kawo wani mutum gaban Annabi saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa.

Wallahu a'alam.